Ƙofa Biyu

A Valparaíso, kan tudun da gidaje ke hawa kan juna
kamar awakin da suka hango ganye a sama,
nan Eleuterio Mancilla yake gyaran agogo.
Shekara arba'in da ɗaya, ido ɗaya cikin gilashi,
ɗayan a kan teku.

Wata Asabar, a kasuwar bakin tashar jiragen ruwa,
wani yaro mai jar hula ya miƙo masa takarda:
"Rubuta adireshin imel ɗinka, baba,
ƙila ka ci butar shayi."
Ya rubuta, harafi bayan harafi,
da hannun da bai taɓa rawa kan aiki ba.
Butar ba ta zo ba.

Abin da ya zo, da asuba ya zo,
ya dawo da hantsi,
ya kutso tsakar dare ba sallama.
Maganin sanƙo. Rancen da babu ruwa.
Wani attajiri ya mutu ba magaji,
ya bar masa gona a ƙasar da taswira ba ta san da ita ba.
Wani banki na roƙon lambar sirrinsa,
bankin da ko ƙofarsa bai taɓa gani ba.
Sittin yau, gobe ɗari da tara.
Zuma ya ɗiga a tebur,
ƙudaje kuwa ba sa jiran gayyata.

Ya amsa wa uku cikin ladabi: na gode, ku daina.
Ashe mai cewa "wane ne?" daga cikin ɗaki
ya shaida wa ɓarawo gidan da mutum.

A tsakiyar wannan juji wasiƙar Griselda ta kwanta,
'yarsa da ke Punta Arenas, inda iska ke fizge wa mutum hula.
"Baba, na sauka lafiya. Namiji ne.
Mun sa masa sunanka."
Kwana goma sha ɗaya tana nan,
tallan takalmi a samanta, tallan caca a ƙasanta.
Ya gan ta ne ran da ya zauna shara,
saura ƙiris ya haɗa da ita.

Agogo talatin na bugawa a shagon,
babu ɗaya da ya iya mayar masa da kwanakin nan.

Rayén, 'yar mai burodin ƙasan matakala,
ta same shi ya haɗa kai da gwiwa.
Ta kaɗe garin alkama daga hannunta, ta ja kujera.
"Kai da ke kulle ɗan ƙaramin sukurori a gwangwani,
ka bar adireshinka a titi?
Yi ƙofa biyu.
Ɗaya ta waje, ta 'yan talla da masu rabon buta,
su yi ta bugu har hannunsu ya gaji.
Ɗaya ta ciki, wadda ba ka rubuta ta a takardar kowa.
In dole ka manna a bango, karya ta,
rubuta alamar tsakiya da kalmomi,
mutum zai gane, injin tsince-tsince zai wuce.
In za ka aika wa mutane da yawa, ɓoye sunayensu,
kada ka tona wani kamar yadda aka tona ka.
Baƙon saƙo kuwa, kada ka tanka masa,
ko da cewa ya yi danna nan in rabu da kai."

Mutum bakwai ya ba ƙofar ciki.
Ya ƙirga su da yatsu, har da saura.

Yanzu wani lokaci sai a yi kwana huɗu shiru,
irin shirun da ya manta yana da daɗi.
Jiya saƙo ɗaya ya shigo:
hoton jariri yana barci,
kunnensa na hagu a ɗan lanƙwashe, sak na kakansa.

Yaron mai jar hula har yanzu yana bakin tasha,
bana fanka yake rabawa.
Eleuterio ya ɗaga masa hannu,
ya wuce da ledar kifinsa.