Rabin Desibel

Ƙarfe biyun dare, bayan Gudal.
Wuta ta dawo, inji ya yi shiru, kwaɗi sun karɓi zance.
Ni da Nomau a gindin faranti,
mita goma sha ɗaya, fari fat,
baki buɗe a sama kamar mai jiran a zuba masa.

Ga yadda ake auna kunnen ƙarfe:
ka juya shi inda babu kowa,
ba wata, ba tauraro, na Allah ko na mutum,
ka rubuta hayaniyar da shiru ke yi.
Sai ka lallaɓa da shi kan wata,
ka sake rubutawa.
Tazarar lambobin biyu, ita ce iya jinsa.

Daren yau rabin desibel ya ɓace.
Bara yana nan, ga shi a littafi,
da karkataccen rubutun Nomau.
Mun zargi waya, mun ɗaure kusoshi,
mun zargi hadarin da ya taso ta Harobanda ya fasa.
Nomau ya yi hamma, ya ce: rabi ne fa, Zalika,
cika shi da biro, wa zai hau sama ya duba?

Babana ma'auni ne a kasuwar Badagishiri.
Da gefen hannu yake share bakin tiya,
ƙwayar da ta zube ya tsince ta.
Yakan ce tiyar da ta yi ƙarya sau ɗaya
ta koma kwanon kaji.
Kuma can Bilma akwai likita
da ke jiran hoton ƙirji ya sauko masa ta nan;
ranar da ruwa ya tsuge, rabin nan ke riƙe layi.

Na hau tsani, tocila a baki,
ƙarfe na da ɗumin jiya har yanzu.
Murfin maƙogwaron ya tsage.
Na leƙa.
Zanzaro ne.
Ya yaɓa ɗakinsa na laka, bai kai babban yatsa ba,
daidai ƙofar da sama ke shigowa.

Da cokalin shayi na ɓamɓare shi.
Nomau na dariya a ƙasa har da tari.
Kafin na sauko ladan ya kira,
wata ya gangara bayan kogi,
babu abin da za mu auna da shi sai gobe.

Na bar gurbin lambar fari a littafi.
Ɗakin lakar yana aljihuna,
ban san me ya hana ni yar da shi ba.