Tara a Tsawon Yatsa

Jiya wata tsohuwa ta shigo rumfarmu a Ƙofar Wambai,
jikanta na biye da akwati a ka.
Ta ce, "Mariƙin ne ya tsinke.
Shi kaɗai za ka gyara, kada ka taɓa min sauran."
Na share ƙurar da hannun riga,
sai ga kakana yana kallona.

Tamfol ne zalla, launin tokar murhu,
ba ratsi, ba ɗigo, ba suna.
Haka Sallau Baduku ya fara.
Ya shafe shi da kakin zuma don ruwan sama ya zame,
ya ɗaure kusurwa huɗu da jan ƙirgi,
ya sayar wa attajirai masu hawa jirgin ƙasa zuwa Ikko.
In an ce ina alamarka,
sai ya nuna ɗinkin:
"Ku ƙirga. Tara a tsawon yatsa."

Damina uku, layin duka ya koma launin toka.
Kowa Sallau ne.
Sai ya naɗe tamfol ya nufi marinar Ƙofar Mata,
ya dawo da ratsi biyu na shuni,
ɗaya siriri, ɗaya mai kauri.
Ya ce shi ne da matarsa.
Kakata Yalwa ta rantse har ta mutu
ita ce mai kaurin.

Ratsin ma aka ɗauke.
Ɓarawon zane ba ya haura katanga,
tsayawa yake a bakin rumfa yana taya kaya.

Da basilla ta koma hannun babana Inuwa,
sai ya yanka ratsin gida-gida kamar dara,
ruwan ƙasa da baƙi, ruwan ƙasa da baƙi.
Lokacin alhazai sun koma jirgin sama,
aka ce ko a tsibin kayan Jidda
daga nesa ake gane na Kano.
Bai shekara biyar ba ya ga daransa
rataye a Sabon Gari, rabin kuɗi.
Ya kwana bai runtsa ba.
Da asuba ya ɗauki alƙalamin kara
ya zana sin ta ajami, harafin sunan ubansa,
ya dasa ta a kowane gida na bakwai,
haƙoranta uku a tsaye kamar shukar gero.

Ina aji huɗu kwantena ta sauka daga Sin.
Ƙasar ma sunan harafinmu gare ta.
Roba ce mai sheƙi, mai warin kananzir,
ga gidajen dara, ga harafin,
amma da haƙori huɗu.
Baba ya yi dariya har da hawaye.
"Kama da wane ba ta wane," in ji shi.
Ran nan tuwonsa ya kwana a rufe.

Yanzu ni ne.
Na ƙanƙance gidajen, na faɗaɗa harafin,
na yi ruwan ƙwai, na yi ruwan hoda,
na yi na bikin cikar gidan shekara saba'in
da zaren zinare a gefe.
'Yata Rumasa'u na zaune da kwamfuta,
tana cewa a cire darar baki ɗaya,
wai masu kuɗin yanzu sun fi son abu shiru,
launi ɗaya, kamar toka.
Ba ta san wa take kira ba.

Na jawo akwatin tsohuwar jikin fitila,
na ɗora yatsa a kan ɗinkin.
Tara.
Na jawo sabon da na gama shekaranjiya.
Shida, kuma keke ne ya yi.

Na kashe keken.
Na laluba ƙasan akwatin kayan aiki,
basillar na nan, tsatsa ta ci bakinta.
Na wasa ta a dutse.
Huda ta huɗu ta sha jinin babban yatsana.

Tsohuwar ta ce, "Nawa ne?"
Na ce, "Hajiya, sayar min za ki yi."
Ta gyara mayafi, ta dube ni sama da ƙasa.
"Zane huɗu kuka sake, ni ban sake akwati ba.
Ɗinka min mariƙina, yaro,
la'asar ta yi."