Ƙuduji

A Madani, bene na biyu,
fanka na juyi kamar mai ciwon wuya.
Likita Mu'utasim ya zana tumbi a bayan takarda,
ya ɗiga masa tawada,
ya ce, "Ihlas, fassara wa tsohon."

Larabcin asibiti ba na kasuwa ba ne.
Shekara arba'in Baba na cinikin riɗi a Gadarif
da harshen nan, ba a taɓa kwararsa ba,
amma yau kalmomin sun tsaya masa
inda lomar kisra ke tsayawa tun watan azumi.

Na ce, "Baba, ƙarin zai ciru.
'Ya'yansa ne abin tsoro.
In wuƙa ta shafe shi, in yatsa ya matse,
ƙwayoyi kan zuba a cikin ciki,
ido ba ya ganinsu,
sai bayan damina ɗaya, ko biyu..."
Nan murya ta ƙi ni.

Ya gyara rawani.
Ya dubi zanen kamar mai taya saniya.
"Au, ƙuduji ne.
Me ya hana ku faɗa tun ɗazu?

Gaya wa yaron nan:
shekarar da aka haife ki na ɗauki 'yan ƙodago,
suka tuge shi bayan fure ya bushe,
suna kakkaɓe saiwa a gwiwa, suna waƙa.
Gona ta yi fes, na biya har da tukuici.
Da ruwa ya dawo,
kadada bakwai, fure ja-ja har bakin hanya,
dawa ta tsaya iya ƙugu tana kallona.

Ba a girgiza shi.
A sa buhu a ƙasa tukuna,
a haƙo shi da ƙasar da ke kewaye,
ko da dawa mai lafiya za ta bi shi.
Kada ya ji tausayin dawar."

Na mayar da shi Larabci.
Likita ya ajiye biro.
Ya ce haka za su yi:
su ɗaure jijiyoyi kafin su taɓa,
su yanka nesa da bakinsa,
su kwashe kaluluwa,
su sauya safar hannu,
su wanke cikin da ruwan gishiri mai ɗumi, su sake wankewa.
Ya ce, "Amma alkawari, ban da shi."
Baba ya ce, "Wa ya taɓa ba manomi alkawari?"

Awa biyar da wani abu.
Na sha jabana uku a gindin dalbejiya,
ban ji citta ba.
Mai shayin, Hajja Sittana,
ta ƙi karɓar kuɗin na ukun.
Ina ta kallon ƙurar da ke yawo cikin hasken taga,
ina ƙirga abin da ba ya ƙirguwa.
Ya Allah, ko guda.
Ko guda kada ta faɗi.

Da la'asar aka turo shi,
ya ƙanƙance, roba a hanci,
an bar masa tumbi kamar kofin shayi.
Likita ya ce ya fita a dunƙule, bai fashe ba.
Ya ce saura ƙarin ruwa na magani, zagaye-zagaye,
da hoto duk bayan 'yan watanni.
Na gane: zagayen gona ne,
a duƙa, a duba gindin kowace shuka.

Daren na uku ya buɗe ido sosai.
Na matso da kunne, na zaci wasiyya ce.
Ya ce, "Kira Babikir.
Riɗin gabas ya yi rawaya tun kafin mu taho.
Su yanke shi da sanyin safiya,
a hankali,
kafin kwanso ya buɗe baki."