Kwalba ta Arba'in da Ɗaya

A Harobanda, hayin kogi,
akwai ɗakin da ba a shiga da takalmi.
Nan nake noma, ba hauya, ba jiran hadari.

Da tsinin wuƙa na ɓanto ɗan tayin sha'ir,
bai kai kwarkwata ba,
na kwantar da shi bisa kunun da ya daskare a gindin kwalba.
Sati uku yana kumbura, fari, ba kai ba gindi,
kamar cukun da Inna Tasalla ke aiko mini daga Tawa.
Sai wata Laraba ya tuna ko shi wane ne,
ya fid da kore.

Inna ta ce a waya: Sha'ir kuma?
Wa ke tuwon sha'ir a Yamai?
Tsiron da bai taɓa ƙasa ba, ɗan wa za a kira shi?

Inna, albashina ke nan, wannan tambayar.

Mukan niƙa ganye, mu tace, mu ɗiga a 'yan ramuka,
kuran ya ja shi sannu,
mu kashe fitila.
Cikin shuɗin haske sai zane ya fito layi-layi
kamar tsagen gado a kunci,
wanda ba wanzamin da ya yi.
Ga na uwa. Ga shi a 'ya.
A jikoki, uku sun ɗauko, na huɗu ya bari.
Dokta Illa ya ƙirga da bakin biro,
ya ce lissafi ya fita, ya tafi shan shayi.

Amma ta arba'in da ɗaya,
layin tsakiya babu.
Na sake sau uku. Na zargi hannuna,
na zargi ranar da kuran ya ɗauke awa shida,
kwalabe suna gumi.
Muka shuka 'ya'yanta a tukwane, suka yi zangarniya.
Su ma babu.
Ashe rashi ma ana gadonsa.

Da magariba na haye gada, cunkoso, ƙaurin salansa.
Na tarar Zulai ta yi barci da rigar lakwal.
Kakana yana da cindo a hagu.
Ya tsallake Baba, ya tsallake ni,
ya sauka gare ta.
Ungozoma ta ɗaure shi da zare, kwana biyar ya faɗi.

Na ɗago hannun a hasken waya.
Ɗan tabon yana nan,
bai kai ƙwayar sha'ir ba.