Gwangwanin Soanoro

Ni aka miƙa wa biro, don ni na kai aji tara.
Talata ce, ranar da ba ma taɓa gonar shinkafa
a wannan kwari namu na Madagaskar.
Mutanen tudu sun zo da sandunan kiwo,
mutanen fadama da laka har ƙwauri,
kowa ya zauna cikin nasa
sai ka ce ba kasuwa ɗaya muke ci ba.

Ralaimaro ya fara, murya kamar tsohon kwalekwale:
"Da ina yaro, gora mai gaba uku ba ta taɓa ƙasan tafki.
Yau zalɓe tsaye yake a tsakiyarsa.
Jar ƙasarku ce." Ya nuna tudu da haɓa.
Tsiresy ya zabura: "Shanuna iska za su ci?
In ban sa wa tudu wuta ba, ina sabon toho?
Ku wa ya ƙona muku iwa garin neman kifi?"
Na rubuta: an yi hayaniya.
Na sake rubutawa.

Tsohuwa Soanoro ba ta ce uffan ba.
Ta durƙusa ta tara yashi, ga tudu.
Ta shata kwari da ɗan yatsa, ta jera tsinke, ga iwa.
Ta barbaɗa toka a bisa, ga gobarar bara.
Sannan ta ɗauko gwangwanin madara da take awon shinkafa,
ta cika shi, ta tsiyaya a ƙoli.

Muka bi ruwan da ido.
Ya ɗebi toka, ya ɗebi yashi,
inda tsinke ya yi kauri ya tsaya, ya tace,
inda ta bar giɓi ya wuce baƙi ƙirin
har ƙafar Ralaimaro.
Wani yaro ya yi dariya. Ba wanda ya tsawata masa.

Kafin rana ta karkata na cika shafi huɗu.
Wuta sai bayan ruwan farko, gefe ɗaya a shekara.
Masunta za su hau tudu dashen jema a bakin kwazazzabai.
Raga mai ƙananan ido, a rataye ta.
Batun tara ya gagara, an ɗaga sai wata mai zuwa.

Saura giɓin nan.
Soanoro ta ɗora yatsa a kai, ta ƙi ɗagawa.
Kowa ya san gonar da ta ci iwa a wurin,
taku sittin, shekara shida ke nan.
Da shinkafarta aka biya mini aji tara.

Biro ya yi mini nauyin taɓarya.
Babana na can ƙarshen benci, hular kaba a gwiwa,
yana kallon tururuwa.
Ya daɗe.
"Ai ka iya rubuta sunana," ya ce. "Ni na biya."

Kwana tara bai yi mini magana ba.
Ran na goma, da asuba, na ji yana wasa adda.
Turaku goma sha biyu ya fiƙe.
Ya ba ni shida, ya yi gaba,
ruwa ja har yanzu, har gwiwa,
ni ina ƙirga taku a bayansa,
shi yana gyara mini ƙirga.