Baƙuwa Mai Saiwa a Iska

A kwali ta sauka Apapa,
tsakanin kayan gyaran janareta,
naɗe da jarida mai rubutu kamar sawun kaji.
Madam Liyan ta kwance ta da hannu biyu
kamar mai karɓar jinjiri daga unguwarzoma.

Na ciko bokiti da ƙasa. Ta girgiza kai:
wannan ba ta cin ƙasa, Tanimu.
Gawayi, ɓawon kwakwa, ɗan yayyafi da asuba.
Na ce a raina, ashe kauci ne ya samu fasfo.
A Ɗanja kakata Dudu
kan sa a hau kaɗanya a ciro mata irinsa.
Abin da bai taɓa ƙasa ba, in ji ta,
shi ya san hanyar ciwo.

Shekarar da hayaƙin tankoki ya cinye muryata,
har sallama sai da hannu,
Madam ta yanke kara ɗaya mai gaɓoɓi kamar yatsa,
ta tafasa a butar shayi.
Yauƙi kamar kuɓewa, ɗaci kaɗan, zaƙi daga baya.
Ta ce haka uwarta ke ba masu tari
a wani ƙauye kan dutse, inda hazo ke kwana.
Kwana huɗu muryar ta dawo.
Ko karan ne, ko lokaci, Allah ne masani.
Na dai ga inda aka yanka,
na ga kuma yadda take kau da ido daga wurin.

Da kasuwa ta juya baya
ta sayar da shago, ta sayar da mota.
Kwali bakwai suka bi ta filin jirgi.
Wannan ta miƙo mini ba magana.

Na rungumo ta a danfo daga Oshodi,
kwandasta ya nemi kuɗin kujera biyu.
Na rataye ta a tagar ɗakin haya a Agege,
kusa da igiyar shanya.
Iya Ronke ta leƙo: me take haifa?
Na ce ba komai.
Ta yi tsaki: a Ikko har ciyawa sai ta biya haya.

Damina biyu ba ta ce uffan ba.
Saiwoyinta farare suna lalube a iska,
ba su kama bango ba, ba su kuma saki ba.
Ni ma shekara goma sha tara ke nan
ina cewa baɗi zan koma.

Jiya, bayan ruwan da ya cika kwata har bakin ƙofa,
fure uku suka buɗe,
fari, da ɗan shuni a leɓe.
Na ɗauki hoto. Lambar Madam ba ta shiga.
Sai na kira Iya Ronke.
Ta daɗe tsaye da tsintsiya a hannu,
sannan ta ce: to, ta biya.