Makulli a Aljihuna

Ƙarfe shida da kwata, Kakuri.
Ruwan daren jiya bai gama ɗiga daga wayoyi ba
Ishaya ya kira ta oba-oba:
"Reshen mangwaro ya kwanta kan layin Barnawa.
Ka ba ni shi a mace."

A mace. Haka muke faɗa.
Na fara da bireka, ita ce mai haɗiye tartsatsi,
ta yi tari ɗaya mai nauyi, ta yi shiru.
Sannan na zura safar roba, na kama hannun wuƙa, na ja,
haƙora uku suka rabu da dasashinsu.
Na ɗaga kai na duba da idona,
don allo yakan yi ƙarya, tazara ba ta yi.
Taƙi biyu na iska,
shi ke nan abin da ke tsakanin Ishaya da likkafani.

Na ɗaure layin da ƙasa,
na datse kwaɗo, na rataya jan kati mai sunansa.
Makullin yana aljihun gaba, inda ƙirji ke bugawa.

Can Barnawa, na sani,
injin markaɗe ya tsaya da wake a bakinsa,
mai walda ya tura tabarau goshi,
mai ƙanƙara tana lissafin asara,
Allah-ya-isa tana tahowa buhu-buhu.
Su aiko. Bayana ya saba.

Ba su san Tanimu ba.
Shekara tara ke nan, a Rigasa,
wani ya mayar da wuƙa
saboda babban mutum ya bugo waya yana da baƙi.
Kwalkwalinsa na nan bisa durowa, gefe guda a narke.
Ni na kai wa Laraba takalmansa,
ta karɓa da hannu biyu, ba ta tambaye ni kome ba.

Oga ya kira: saura minti nawa?
Na ce sai ya sauko.
Ya sake kira. Na kife wayar.

Sha ɗaya saura, ga su tafe da taɓo har gwiwa.
Huɗu suka tafi. Na ƙirga: huɗu.
Na sake ƙirgawa.
Ishaya ya cire katinsa da hannunsa.
Na kwance ƙasa, na rufe wuƙa, na tashi bireka,
gurnani ya dawo cikin ƙarfe.

Daga hayin kogi yara suna ihun an kawo.
Shayina ya huce tun ɗazu.
Na shanye shi haka.